Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Tallafin Jihohin Amurka Ga Ɗaliban Kwalejojin Al'umma

Duk mai bibiyar labaran ilimi daga Amurka ya sha cin karo da irin wannan kanu: jiha kaza ta mayar da karatun kwaleji kyauta, jiha kaza ta ware miliyoyin daloli domin 'ya'yan talakawa. Daga nesa sai ka ɗauka magana ta ƙare, ɗalibi sai dai ya rataya jaka ya nufi aji. Kuɗin kam suna nan, babu musu. Inda gizo ke saƙa shi ne sharuɗɗan da aka ɗaura musu: ranar da ake rufe karɓar takardu, yawan darussan da dole ka ɗauka a zango, shekarunka na haihuwa, da kuma kuɗin wa za a fara zubawa a asusunka, na jiha ko na tarayya. Waɗannan ƙananan layuka, da ba su taɓa fitowa a kanun labari, su ke raba wanda zai samu da wanda zai koma gida hannu rabbana.

Kwalejin al'umma makaranta ce ta gwamnati ta shekara biyu, wadda kusan duk wanda ya gama sakandare ko ya sami takardar da ke madadinta zai iya shiga ba tare da gasar neman gurbi ba. Suna da yawa, wajen dubu ɗaya a faɗin ƙasar, kuma wadda ake ɗauka ta fi daɗewa ita ce ta Joliet a jihar Ilinoi, da aka buɗe a 1901. A can ake horar da ma'aikatan jinya, masu walda, masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki da masu aikin kwamfuta. A can kuma mutum zai yi shekara biyu da arha sannan ya tsallaka jami'a ya ƙarasa digiri. Ɗalibanta ba su yi kama da na jami'a ba. Kusan kashi biyu bisa uku ba sa ɗaukar cikakkun darussa, domin suna haɗa karatu da aiki. Matsakaicin shekarunsu ya haura 25. Da yawa iyaye ne masu 'ya'ya, da yawa baƙi ne 'yan ci-rani, da yawa kuma su ne na farko a danginsu da suka taɓa taka ƙofar babbar makaranta.

Kuɗin makarantar kansa bai kai ya kawo ba idan aka gwada da na jami'a. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 matsakaicinsa dala 4,000 ne da 'yan kai ga ɗan yanki mai cikakkun darussa. Amma idan aka haɗa da haya, abinci, mota, littattafai da sauran buƙatu, lissafin shekara yana kaiwa wajen dala 20,000. Wato kuɗin makaranta kashi ɗaya ne kacal cikin biyar na abin da karatun ke ci. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, domin kusan duk taƙaddamar da za mu gani daga nan ta taso.

Tallafi na farko da ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi ke samu daga gwamnatin tarayya yake zuwa. Sunansa Pell, an kafa shi a 1972, aka kuma raɗa masa sunan Sanata Claiborne Pell a 1980. Kyauta ce, ba a biya, kuma mafi yawan abin da ake ba mutum a 2024 zuwa 2025 shi ne dala 7,395. Ana nemansa ta fom guda da ake kira FAFSA, wanda ke tambayar abin da iyali ke samu, ya fitar da wata lamba da ke nuna ƙarfin aljihunsu. Yawancin jihohi da wannan fom ɗin suke amfani wajen rabon nasu tallafin. Tun 1972 ɗin ma tarayya ta ƙirƙiro wani shiri na zuba kuɗi daidai da abin da jiha ta zuba, domin ta kwaɗaita wa jihohi kafa tallafin mabuƙata. An daina ba shirin kuɗi a 2011, kowace jiha ta kama gabanta. Shi ya sa yau ƙasa ɗaya ce amma tsarin ya kai hamsin. Kalifoniya, Niyok, Ilinoi, Washinton da wasu 'yan tsiraru su ke ɗauke da kaso mafi tsoka na tallafin mabuƙata, wasu jihohin kuwa abin da suke warewa bai wuce a ce an yi ba.

Akwai kuma jihohin da suka zaɓi su duba maki maimakon aljihu. Jojiya ce uwar wannan tafiya. A 1993 Gwamna Zell Miller ya kafa tallafin HOPE da kuɗin cacar gwamnati, ga duk wanda ya gama sakandare da matsakaicin maki 3.0 cikin 4. Da farko akwai iyakar abin da iyali za su samu kafin ɗansu ya cancanta, amma a 1995 aka ɗage ta gaba ɗaya. Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihin shirin shi ne, a shekarunsa na farko ana cire abin da ɗalibi ya samu na Pell daga HOPE ɗinsa, ta yadda ɗan talaka mai ƙoƙari ba ya tashi da abin kirki, ɗan mai hali kuwa ya kwashi nasa cif. Daga baya an gyara wannan. Amma tushen matsalar bai gushe ba: maki na bin arziki, saboda makarantar unguwar masu kuɗi ba ɗaya take da ta unguwar talakawa ba, tikitin caca kuwa talaka ya fi saye. Sauran jihohin kudu da dama sun kwaikwayi Jojiya, kuma magidancin da ya bar sakandare shekara goma sha biyar da suka wuce ba shi da rabo a irin wannan shiri, ko da kuwa shi ya fi kowa buƙata.

To mu bar masu duba maki, mu koma kan waɗanda suka ce don mabuƙata suka kafa nasu. Nan ne abin ya fi ɗaure kai, domin niyyar mai kyau ce.

A ɗauki mutum a Cikago ta jihar Ilinoi, mai shekara 34, yana aikin ɗaukar kaya a wani rumbun ajiya. A watan Yuli aka rage ma'aikata, ya sami kansa a gida da mata da yara biyu. Bayan mako uku yana yawon neman aiki, wani abokinsa ya ce masa ya je kwalejin unguwarsu ya koyi gyaran na'urar sanyi, ana neman masu wannan sana'a. Ya je a Agusta, saura kwana goma a fara zango. Ma'aikaciyar ofishin tallafi ta zaunar da shi gaban kwamfuta, suka cike fom tare, lambar ta fito tana nuna ba shi da ko sisi da zai iya biya. Pell ya samu, domin Pell ba ya ƙarewa, duk wanda ya cancanta sai an ba shi. Na jiha fa? A shekaru da dama amsar da irin wannan mutum ya riƙa samu ita ce: ka cancanta, amma kuɗin bana sun ƙare. Tallafin jihar Ilinoi, wanda ake kira MAP, na wanda ya riga zuwa ne. Majalisa ta ware adadi, hukuma ta riƙa rabawa bi da bi, idan ta hango kuɗin za su ƙare sai ta sanar da ranar da ta tsaya. Akwai shekarun da tun watan Maris aka ja layi, kuma waɗanda suka cancanta amma suka makara sun haura 100,000 a shekara guda.

Wa ke cike fom kafin Maris? Ɗan ajin ƙarshe na sakandare mai malamin shawara a kansa, mai iyayen da suka san hanya, wanda tun bara ya san jami'ar da zai je. Mutuminmu na rumbun ajiya a watan Maris yana da aikinsa, ko a mafarki bai ga zai koma aji ba. Makararsa ba sakaci ba ne, haka rayuwar masu zuwa kwalejin al'umma take: kora daga aiki, mutuwar aure, yaro ya isa shiga makaranta uwa ta sami sarari, su ke turo mutane, kuma ba sa duba kalandar hukuma. Ka'idar da ta ce kowa ya riga shi ke da rabo tana kama da adalci a takarda, a aikace kuwa tace mutane take yi, ta zubar da mafi rauni. Ilinoi ta ƙara ganin tasku tsakanin 2015 da 2017, lokacin da Gwamna Bruce Rauner da majalisar jihar suka kasa daidaitawa kan kasafin kuɗi har shekara biyu. Kuɗin MAP suka maƙale; manyan jami'o'i masu ajiya suka riƙa rufa wa ɗalibansu asiri daga aljihunsu kafin jiha ta biya, kwalejojin al'umma da yawa kuwa ba su da wannan ƙarfin. A shekarun baya-bayan nan jihar ta ƙara kuɗin sosai, abin ya yi sauƙi, amma tsarin bai canza zani ba: idan kasafi ya sake matsewa, layin zai sake dawowa.

Kuma kasafi yakan matse ne a daidai lokacin da bai kamata ba. Kusan duk jihohin Amurka doka ta hana su gudanar da kasafi mai giɓi. Idan tattalin arziki ya karye, kamar yadda ya faru daga 2008, haraji na raguwa, mutane na rasa aiki, sai su yi tururuwa zuwa kwalejojin al'umma. Masu nema sun ƙaru, tukunya ta ragu.

Jihar Washinton ta ɗanɗana wannan shekara da shekaru, dubban ɗalibai da suka cancanta na zaman jira. A 2019 majalisarta ta sauya tsarin, ta mai da tallafin hakki: daga 2020, duk wanda ya cika sharaɗi za a ba shi, ko yaushe ya zo. Masu ƙaramin ƙarfi a biya musu duka, na tsakiya a biya wani ɓangare, har da masu koyon sana'a a hannun kamfanoni da masu ɗaukar darussa kaɗan. Kuɗin daga ƙarin haraji kan wasu kamfanoni aka samo su, musamman manyan na fasaha, kuma Microsoft da kansa ya goyi bayan a ɗora masa. A ganina wannan sauyi ɗaya, daga rabon wanda ya riga zuwa zuwa hakkin wanda ya cancanta, ya fi duk wani ƙarin kuɗi amfani ga ɗalibin kwalejin al'umma.

Sai batun da ya fi kowanne ruɗa jama'a, wato karatu kyauta. Tenesi ce ta fara shahara da shi. Gwamna Bill Haslam, ɗan jam'iyyar Rifablikan, ya sa hannu kan Tennessee Promise a 2014, rukunin farko suka shiga aji a 2015. Duk wanda ya gama sakandare a jihar zai yi shekara biyu ba tare da biyan kuɗin makaranta ba, muddin ya cike FAFSA, ya halarci taron masu ba shi shawara, ya yi aikin sa-kai na awa takwas kowane zango, ya kuma ɗauki cikakkun darussa. Shirin ya yi farin jini har Shugaba Barack Obama ya je wata kwaleji a birnin Knoxville na jihar a Janairun 2015 ya sanar da burinsa na yin irinsa a ƙasa baki ɗaya. Burin bai cika ba. Joe Biden ma ya sake gwadawa, aka cire shi daga ƙudurinsa a 2021, duk da cewa a lokacin matarsa malama ce a kwalejin al'umma.

Amma a duba yadda lissafin Tenesi ke tafiya. Jihar ba ta fara biya ba, ciko take yi. Sai an zuba Pell da duk wani tallafi a kan kuɗin makaranta, abin da ya rage shi jiha ke cikewa. Masu harkar suna kiran wannan dalar ƙarshe. A misalta da 'yan mata biyu da suka gama sakandare ɗaya, kuɗin makarantarsu a ce dala 4,500. Ta farko mahaifiyarta na wanke kwanuka a gidan abinci, ta sami cikakken Pell na dala 7,395. Pell ya shanye kuɗin makaranta, babu giɓi, don haka jiha ba ta ba ta ko kwabo. Abin da ya rage a hannunta dala 2,895 ne na shekara guda, a ciki za ta sayi littattafai, ta zuba mai a mota, ta taimaka da haya. Ta biyu iyayenta ma'aikata ne masu albashi mai kauri, ba ta cancanci Pell ba, giɓinta dala 4,500 ne cif, jiha ta biya duka. Shirin da aka yi wa shela da sunan buɗe ƙofa ga marasa hali, kuɗinsa sun tafi gidan da dama za su iya biya.

Ba zan ce shirin bai yi amfani ba, zai zama rashin adalci. Kalmar kyauta tana da ƙarfin da dogon bayani ba shi da shi. Yara da yawa da suka cancanci Pell ba su san da shi ba, sun ɗauka kwaleji ba ta irinsu ba ce. Da suka ji an ce kyauta sai suka zo, aka sa su cike fom, suka tarar ashe da ma tarayya na da kuɗinsu a ajiye. Shiga kwalejojin Tenesi ta ƙaru a shekarar farko, jihar kuma ta riƙa zama kan gaba wajen cike FAFSA. A 2018 ta buɗe Tennessee Reconnect ga manya. Sai dai shigo da mutum daban, riƙe shi har ya gama daban, kuma riƙewar ce ke buƙatar kuɗin haya da na abinci. Dalilin da ya sa 'yan majalisa ke son dalar ƙarshe a bayyane yake: ta fi arha nesa ba kusa ba, tunda tarayya ce ke ɗaukar nauyin talakawa, kuma masu cin moriyarta su ne masu fitowa zaɓe.

Wasu jihohin sun nemi hanyar tsakiya. Oregon, da ta fara nata a 2016, ta sa ƙa'idar cewa ko Pell ya biya komai sai an ba ɗalibi aƙalla dala 1,000, daga baya ta ninka. Niyu Meziko a 2022 ta juya lissafin, jiha ta fara biyan kuɗin makaranta, Pell ya zauna a hannun ɗalibi don sauran buƙatu. Masacusets ta mai da kwalejojinta kyauta ga kowa a 2024, ta haɗa da ɗan kuɗin littattafai, daga harajin kashi 4 cikin ɗari da masu zaɓe suka amince a 2022 a ɗora wa abin da ya haura dala miliyan ɗaya a samun mutum na shekara.

Kalifoniya ta cancanci a daɗe a kanta, domin ita ce ta nuna ƙarara cewa arhar makaranta ba ta nufin arhar karatu. Tana da kwalejojin al'umma 116, tsari mafi girma a ƙasar. Har zuwa 1984 ba a biyan komai. Tun 2012 kuma farashin ya tsaya a dala 46 kan kowane ma'aunin darasi (awon da ake ƙirga nauyin darasi da shi), wato dala 1,380 ga mai cikakkun darussa, ma'auni 30 a shekara, kuma kusan rabin ɗalibai ana yafe musu wannan ɗin ma. Ina matsalar take ke nan? Babban tallafin jihar, Cal Grant, an gina shi ne a kan kuɗin makaranta. Ɗalibin da ya shiga Jami'ar Kalifoniya jiha za ta biya masa sama da dala 12,000, jami'ar kuma ta ƙara masa daga nata asusun don masauki da abinci. Takwaransa na kwalejin al'umma, tunda kuɗin makarantarsa ba su da yawa, abin da tsarin ya tanadar masa na rayuwa dala 1,648 ne a shekara, a jihar da hayar ɗaki ɗaya na wata guda a manyan biranenta kan wuce haka. Masu nazari na cibiyar TICAS sun yi lissafi suka gano cewa a yankuna da dama na jihar, abin da ɗan talaka zai fitar daga aljihunsa bayan an cire duk tallafi ya fi yawa a kwalejin al'umma fiye da a babbar jami'ar da ke kusa. Makaranta mafi arha ta zama mafi tsada ga wanda ba shi da shi.

Bayan wannan kuma akwai katangar shekaru. Har zuwa 2021, tabbacin samun Cal Grant na wanda bai wuce shekara ɗaya da barin sakandare ba ne. Sauran duk sai su shiga gasa kan guraben da aka ƙayyade, 25,750 na wasu shekaru, daga baya aka kai 41,000, masu nema da suka cancanta kuwa dubbai ɗari-ɗari. A 2021 aka rushe wannan katanga ga ɗaliban kwalejojin al'umma. A 2022 majalisa ta amince da gagarumin garambawul da zai sauƙaƙa shirin ya faɗaɗa shi, amma da sharaɗin sai in akwai kuɗi. Da 2024 ta zo da giɓin kasafi, aka ajiye shi a gefe.

Sharaɗin cikakkun darussa shi ne wanda na fi jinkirin yanke hukunci a kansa, saboda kowane ɓangare na da hujja. Masu goyon baya suna cewa wanda ke ɗaukar darasi biyu a zango zai shekara biyar ko shida kafin ya gama abin shekara biyu, kuma a tsawon wannan lokaci dole wani abu ya faɗo ya tsinka karatun. Gaskiya ne, masu cikakkun darussa sun fi kammalawa. Amma ka tuna da matar da ke aikin kula da tsofaffi a gidajensu a unguwar Bronx, irin aikin da matan Afirka ta Yamma da yawa ke yi a Niyok. Ta kwana a gidan wata tsohuwa, ta fito ƙarfe bakwai na safe, ta kai yara makaranta, ta shiga jirgin ƙasa zuwa aji da ƙarfe goma idonta jawur. Darasi biyu ne iyakar abin da jikinta zai ɗauka. Ka ce mata sai huɗu ko biyar kafin ta sami tallafi, ka sa ta gaba kura baya sayaki: ta rage aiki ta kasa biyan haya, ko ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta ta faɗi. Faɗuwar kuma tana da nata hukunci, domin ƙa'idar ci gaba da samun tallafi a yawancin kwalejoji ita ce matsakaicin maki 2.0 da cin kashi biyu bisa uku na darussan da ka yi rajista. Zango ɗaya mara kyau ya isa ya jefa ta cikin gargaɗi, na biyu ya yanke kuɗin. Tallafin Excelsior da Gwamna Andrew Cuomo ya kawo a 2017 ya buƙaci ma'auni 30 a shekara, da zama a jihar bayan kammalawa, in ba haka ba ya rikiɗe ya zama bashi. Ɗaliban kwalejojin al'umma na birnin kaɗan ne ƙwarai suka ci moriyarsa. Tsohon tallafin jihar na mabuƙata, TAP, wanda ke nan tun 1974, sai a 2022 aka buɗe shi sosai ga masu rabin darussa.

Abin da ya warware mini wannan ƙulli shi ne shirin ASAP na Jami'ar Birnin Niyok, wadda kwalejojin al'umma na birnin ke ƙarƙashinta, da aka fara a 2007. Shi ma cikakkun darussa yake buƙata, amma bai tsaya ga umarni ba. Yana cike giɓin kuɗin makaranta, ya ba da katin shiga jirgi da bas kyauta, ya samar da littattafai, ya jera darussa a lokaci ɗaya don mai aiki ya san yadda zai tsara ranarsa, ya kuma haɗa ɗalibi da mai ba shi shawara wanda ba a jibga wa ɗaruruwan mutane ba. Cibiyar bincike ta MDRC ta gwada shi ta hanyar ƙuri'a, wasu a ciki wasu a waje. Bayan shekara uku, kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ke ciki sun kammala, a ɗaya ɓangaren kashi 22. Da aka kwaikwaya a kwalejoji uku na Ohayo, sakamakon ya zo kusan haka, 35 da 19. Kuɗin da ake kashewa kan kowane ɗalibi ya ƙaru, amma kan kowane wanda ya kammala ya ragu. Wato idan za ka buƙaci mutum ya ba karatu dukkan lokacinsa, sai ka saya masa lokacin, kuma wani sa'in katin jirgi ne farashinsa.

Fom ɗin kansa ma shinge ne. Wanda bai kai shekara 24 ba, bai yi aure ba, ba shi da ɗa, dole ya kawo bayanin kuɗin iyayensa, ko da shi ke ciyar da kansa, ko da sun ƙi bayarwa. Wani gwaji da aka yi a ofisoshin kamfanin H&R Block, inda masu cike takardun haraji suka taimaka wa iyalai cike FAFSA nan take, ya nuna cewa taimakon 'yan mintoci kawai ya ƙara yawan yaran da suka shiga kwaleji a fili. Majalisar tarayya ta zartar da dokar sauƙaƙa fom ɗin a 2020, amma fitowarsa ta zama abin kunya: maimakon 1 ga Oktoba, sai ƙarshen Disambar 2023 ya buɗe, cike da kurakurai, kuma yaran da iyayensu ba su da lambar Social Security, wato lambar shaida ta gwamnatin tarayya, sun yi watanni ba su iya turawa. Jihohi da yawa dole suka ɗaga ranakun rufewarsu. Luwiziyana ta taɓa wajabta cike fom ɗin kafin a ba ɗalibi takardar gama sakandare, ta hau sahun gaba, sannan ta soke dokar a 2024.

Wata magana ga namu, tunda irin waɗannan labarai na yawo a Facebook da WhatsApp ana cewa Amurka na ba da karatu kyauta. Duk tallafin da muka lissafa na mazauna ne. Pell na 'yan ƙasa ne da masu katin zama na dindindin da 'yan gudun hijira da makamantansu. Na jiha kuma yana ƙara sharaɗin ka zauna a jihar na wani lokaci, galibi shekara guda. Wanda ya je da bizar karatu daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi ba ya ciki, hasali ma kuɗin makarantarsa ya ninka na ɗan gari sau biyu ko uku. Ga waɗanda ke can da takardunsu kuwa, batun ya wuce lissafi kawai. Abin da tallafi bai cike ba, bashin gwamnati mai kuɗin ruwa ake miƙo wa ɗalibi ya cike da shi, kuma iyalai Musulmi da yawa ba sa son taɓa shi. Gare su, dala dubu ɗaya ta jiha na iya zama bambanci tsakanin zango mai zuwa da zaman gida. Wasu jihohi, irin su Kalifoniya tun dokarta ta 2011 da Niyok tun 2019, sun buɗe nasu tallafin har ga yaran da suka taso a can ba su da takardun zama, ta fom na daban.

A 2025, lokacin da ake muhawarar babbar dokar haraji da kasafi, majalisar wakilai ta amince da ƙara yawan darussan da ake buƙata kafin a sami cikakken Pell, da hana shi ga masu ɗaukar ƙasa da rabi. Shugabannin kwalejojin al'umma suka yi ca, majalisar dattawa ta cire wannan sashe. Abin da ya tsira a dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli shi ne buɗe Pell ga gajerun kwasa-kwasan sana'a na mako takwas zuwa sha biyar, daga Yulin 2026, kuma gwamnonin jihohi aka ba wa ikon tantance kwasa-kwasan da za su shiga. Mutuminmu na Cikago, mai son koyon gyaran na'urar sanyi cikin 'yan watanni, yanzu wata tambayar ce ke jiransa a ofishin tallafi: ko kwas ɗin da ya zaɓa na cikin jerin da jiharsa ta amince da shi.